Muhawara: resista yana hana kafasita cika?

Mai Sola, Ringim: Salamu alaikum. Jiya na je haɗa inbata mai bolt 48 a wani ƙauye bayan Taura. Ina dangwala wayar batir sai tartsatsi ya tashi fau, har kan kusar ya yi baƙi. Yau na fara ratsa resista (ɗan abin da ke rage kwararar wuta) mai om 100 kafin in ɗaure, ko ƙyas. Amma ogana ya ce in bari, wai resista cinye wuta yake, kafasita (ma'ajiyar wuta da ke cikin inbata) ba ya cika.

Baba Mai Rediyo, Dambatta: Ogan naka ya san aiki, yaro. Na taɓa sa om 10,000 a bakin inbata, na sha shayi na dawo, mita ba ta kai ko bolt 30 ba.

Malamin Fiziks, Birnin Kudu: Allah ya ƙara girma Baba, a yi mini uzuri. Kafasita fanko, a daidai lokacin da wuta ta taɓa shi, tamkar guntuwar waya yake. Ƙarfin wutar da za ta kwarara shi ne bolt a raba da om: 48 a raba da 100, amp 0.48. In babu resista kuwa, a ce waya da batir om 0.05 ne kacal, lissafi ya kai amp 960. Tartsatsin da ƙanena ya gani ke nan. Batun cika kuma lokaci ne: om sau farad, ma'aunin girman kafasita. A ce kafasitocin mikrofarad 10,000 ne, wato farad 0.01. Sau 100, sakan 1. A sakan ɗin nan zai kai kashi 63 cikin ɗari, kusan bolt 30, kwararar ta sauka zuwa amp 0.18. Sakan 5 ya haura kashi 99. Tulu ne da mazurari: ƙaramin mazurari jinkiri yake kawowa, ba ya rage cikin tulu.

Ɗan Koyo, Wudil: To asarar da oga ke faɗa fa, Malam?

Malamin Fiziks: Akwai ta, amma ba resista ya ƙirƙire ta ba. Duk abin da kafasita ya ajiye, kwatankwacinsa sai ya tafi a zafi, ko resistan babba ne ko ƙarami. A nan jul 11.5 ne (jul shi ne ma'aunin makamashi). Ko ya ɗumama resista, ko ya cinye maka kan kusa.

Baba Mai Rediyo: Malam, lissafinka a allo yake, nawa a kan benci. Mita ba ta ƙarya.

Malamin Fiziks: Ba ta yi ƙarya ba, Baba. Tulun naka ne ke yoyo. Inbata yana ɗan jan wuta ko a kashe yake. A ce miliamp 2 yake ja: a kan om 10,000 bolt 20 sun zube, mita ta tsaya a 28 ko da za ka kwana. A kan om 100 kuwa bolt 0.2 kawai.

Baba Mai Rediyo: Ashe dai babban resista yana hana cika!

Malamin Fiziks: In akwai mai sha a gefe, ƙwarai.

Mai Sola: To ni dai om 100 zan riƙe. Wat nawa zan saya?

Malamin Fiziks: Farkon haɗawa yana ɗaukar wat 23, na ɗan ƙyaftawa. Nemi farin nan na tangaran mai wat 25, kada ka sa ɗan mitsitsin rediyo. Ƙirga biyar, duba mita, sannan ka ɗaure waya kai tsaye ka cire shi.

Baba Mai Rediyo: Gobe in Allah ya kai mu zan cire kafasita shi kaɗai in gwada da om 10,000. Minti nawa zan jira?

Malamin Fiziks: In mikrofarad 10,000 ne, om sau farad sakan 100 ne, sau biyar sakan 500. Minti takwas da 'yan kai, Baba.