"Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba": shin ta hau kan masu tsofaffin jiragen Braunston?

Mazaunin Northampton:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina neman a warware mini wata karin magana da aka jefe ni da ita, wato "Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba," domin zuciyata ta ƙi yarda cewa an ajiye ta a mazauninta.

A ƙarshen watan Yuni na halarci taron tsofaffin jiragen ruwa na dako da ake yi kowace shekara a Braunston, wani ƙauye a gundumar Northamptonshire ta Ingila, inda hanyar ruwa ta Oxford ta haɗu da ta Grand Union. Waɗannan hanyoyi ba koguna ba ne, mutane ne suka haƙa su da diga da shebur fiye da shekara 200 da suka wuce, domin jigilar kwal da sauran kaya masu nauyi. Jiragen sirara ne ƙwarai, faɗinsu bai wuce ƙafa 7 ba alhali tsawonsu yakan kai ƙafa 70, saboda matakalun ruwan da aka gina a yawancin hanyoyin tsakiyar Ingila ba sa ɗaukar abin da ya fi haka. Matakalar ruwa kuwa wani ɗaki ne mai ƙofa gaba da baya, wanda ake cika wa ruwa ko a rage masa domin jirgi ya hau tudu ko ya sauka.

Na tsaya kusa da wani dattijo da ya duƙufa yana goge zobban tagulla na bututun hayaƙin jirginsa da tsumma, sai ya ja da baya ya duba, ya sake komawa kan wurin da ni ban ga komai a kai ba. A kan rufin akwai bokitin ruwa mai murfi wanda aka yi wa zanen furannin wardi, ƙofofin ɗakin kuma an zana musu manyan fadoji a bakin tafki. Da aka fara jerin gwano, jiragen suka riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya ta ƙarƙashin gadojin ƙarfe, a hankali har mai tafiya a ƙasa yana iya jerawa da su, injin wasu yana bugawa yana tsallake bugu kamar zai mutu amma bai mutu ba. Na ɗauki bidiyo na aika wa yayana, amsar da ya ba ni ita ce waccan karin magana kawai. Shin ya yi daidai?

Malamin Adabi:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin a yanke wa yayanka hukunci, ya kamata a tuna yadda ake amfani da maganar. Bahaushe ba ya faɗinta domin ya hana mutum tuna baya. Yana faɗinta ne domin ya bayyana abin da ya gano game da mai maganar: idan ka ji ɗan kasuwa kullum yana ba da labarin cinikin da ya yi a bara, ba sai ka duba littafinsa ba, ka san kasuwar bana ta ƙi. Yawan ambaton jiya alama ce ta ciwon yau.

Idan aka ɗauke ta a haka, ina ganin yayanka bai yi nisa da gaskiya ba. Mutumin da yake zaune a ƙasar da jirgin ƙasa yake kai shi Landan daga Birmingham cikin abin da bai kai awa biyu ba, amma ya zuba dukiyarsa da hutunsa a kan jirgin da doka ta taƙaita gudunsa a mil 4 cikin awa, akwai abin da yake gudu a zamaninsa. Ko hayaniya ce, ko gaggawa, ko kaɗaici, wani abu na bana bai yi masa daɗi ba.

Hajiya Mai Tarihi:

Allah ya gafarta Malam, bayaninka a kan ma'ana ba shi da gyara, amma a kan ɗora ta ga waɗannan mutane ne nake da ja. Karin maganar tana tsayawa ne a kan sharaɗi guda, wato bara ta kasance ta fi bana daɗi a wurin mai tunawar. To, wace irin bara ce ta waɗannan jirage?

Tun da jirgin ƙasa ya shigo ya karya kuɗin dako a ƙarni na 19, matuƙa da yawa suka kasa riƙe gida a tudu, suka kwashe mata da 'ya'ya zuwa cikin jirgi domin a rage kashe kuɗi, a kuma sami hannun aiki na kyauta. Ɗakin da iyali gaba ɗaya suke kwana, su dafa abinci, su haihu a ciki, bai kai ƙafa 10 a tsawo ba. Teburin cin abinci murfin kabad ne da ake saukewa, gadon ma daga bango ake buɗo shi da dare. Cunkoson ya kai ga majalisar Birtaniya ta yi doka a 1877 domin a yi wa jiragen rajista a kuma ƙayyade yawan mutanen da za su kwana a ɗaki, bayan wani mutum mai suna George Smith ya daɗe yana kuka a kan halin yaran. Duk da haka yawancin yaran nan sun tashi ba karatu ba rubutu, domin jirgin da ba ya tsayawa ba ya barin yaro ya zauna a aji. A zamanin da doki ke jan jirgi, idan an zo ramin da aka haƙa ta ƙarƙashin tudu, irin na Braunston ɗin nan wanda ya fi mil guda, dokin yakan bi ta sama, mutane kuma su kwanta a kan katako su riƙa tura bango da ƙafafunsu a cikin duhu har su fita. A Braunston ɗin dai, a 1923, matuƙan kamfanin Fellows Morton & Clayton suka ɗaure jiragensu suka yi yajin aiki na mako 14 saboda an nemi rage musu lada.

Wannan ita ce barar. Mai goge tagulla a yau kuwa ya ci ya ƙoshi, yana da gidan da zai koma ranar Litinin, kuma da bana ba ta yi masa daɗi ba, da bai sami kuɗin fenti ba balle na gyaran inji. A ganina wannan mutum ya tuna bara ne saboda bana ta yi masa rana.

Ɗan Yawuri:

Hajiya ta kawo hujja mai nauyi. Mu da muka tashi a bakin Kwara mun san cewa jirgi ba ya zama abin sha'awa sai ga wanda ba a cikinsa yake neman abinci ba. Ni dai da ni aka aika wa bidiyon, da wata karin maganar zan mayar, wato "Da tsohuwar zuma ake magani." Ina ganin ta fi dacewa da taron da aka tara abubuwan da suka tsufa ana girmama su.

Injiniya:

Ɗan'uwa na Yawuri, ina jin tsoron taka ta fi ta farko rauni a nan. Ana faɗin wannan magana ne idan sabon abu ya gaza aka koma ga tsoho ya biya buƙata, kamar a kira tsohon ma'aikaci ya warware abin da ya gagari matasa. Darajar zumar tana ga warkarwar da take yi. To, wace cuta ce waɗannan jirage suke warkarwa yanzu?

A lokacinsu sun yi magani, babu musu. Da aka buɗe hanyar ruwa ta Bridgewater a 1761, wadda injiniya James Brindley ya yi aikinta, farashin kwal a Manchesta ya faɗi da kusan rabi, kuma doki guda yana jan abin da dawakai masu yawa ba za su iya ja a kan hanya ba. Amma jirgin ƙasa ya ci kasuwarsu, manyan motoci suka cinye saura, sannan sanyin 1962 zuwa 1963 ya daskarar da ruwan na makonni, masu kaya suka koma hanyar mota ba su dawo ba. Jigilar kwal ta ƙarshe mai nisa da jiragen Braunston suke yi, zuwa wata masana'antar jam (dafaffen 'ya'yan itace mai zaƙi da ake shafa wa burodi) a Southall da ke yammacin Landan, ta tsaya a 1970.

Akwai ma wata tambayar. Jirgin da ake kira Raymond, wanda ake alfahari da shi a wannan taro, an ƙera shi da katako a Braunston a 1958, irin wanda ba shi da inji sai dai wani ya ja shi. Ya ruɓe har sai da masu kishinsa suka sake gina shi kusan gaba ɗaya. Idan katakon sabo ne, sunan da siffar ne kawai tsofaffi, ban san ko za a kira shi tsohuwar zuma ba.

Mazaunin Northampton:

Injiniya, ranka ya daɗe, a kan cewa ba sa maganin komai zan ɗan yi maka gyara, domin har yanzu akwai tsofaffin jiragen da suke aiki. Wasu suna yawo da buhunan kwal da tukwanen gas da man dizal suna sayar wa mutanen da suke zaune a cikin jirage, musamman da hunturu, kuma akwai wuraren da mota ba ta isa sai su. Ba su da yawa, amma ciniki ne na gaske.

Abu na biyu, da ba don irin waɗannan masu tuna baya ba, da hanyoyin kansu sun tafi. Bayan yaƙin duniya na biyu da dama daga cikinsu sun cushe da laka da shara, ana shirin rufe su. Ƙungiyar da Robert Aickman da Tom Rolt suka kafa a 1946 ce ta tsaya kai da fata, 'yan sa-kai suka shiga laka suna yashewa, har aka sake buɗe wasu da aka riga aka yi watsi da su. A yau hukumar Canal & River Trust, wadda ta karɓi ragama a 2012, tana kula da kimanin mil 2,000, kuma masu tafiya a ƙasa da masu keke da masu kamun kifi duk suna cin moriya.

Sai dai akwai abin da na gani wanda ya sa ban iya watsar da maganar yayana gaba ɗaya ba. A cikin taron na zauna kusa da wata tsohuwa da ta ce a cikin jirgi aka haife ta. Da wani jirgi mai inji ya zo yana jan ɗan'uwansa, tun kafin su iso kwana ta riƙa girgiza kai, domin ta ga matuƙin ya makara wajen karkata sandar tuƙi, kuma haka aka yi, sai da gefen jirgin ya goga bango. Ta ba ni labarin yadda aka mayar da su gidan bulo bayan aikin ya mutu, ga famfo ga wuta, amma mahaifiyarta ba ta taɓa sabawa ba, saboda ba ta san kowa a layin ba, alhali a kan ruwa kowane jirgin da ya wuce ta san mai shi da iyayensa.

Malamin Adabi:

To, ɗan'uwa, ka kawo mana wadda maganar ta hau kanta daidai. Hajiya ta auna bara da faɗin ɗaki da nauyin aiki, kuma a wannan ma'auni ta yi gaskiya, gidan bulo ya fi. Amma karin maganar ba ta ce bara ta fi bana a komai ba, kuma ba ta ɗora wa mai tunawa sharaɗin ya kawo hujjar da za ta gamsar da masu tarihi. Ta ce dai akwai abin da ya rasa a bana. Mutanen ruwa al'umma ce da take auren junanta, take da salon maganarta da adonta, kuma da yawansu a makabartar cocin da ke kan tudun Braunston aka binne su. Aikin da ya wahalar da su shi ne kuma ya haɗa su, da ya mutu sai suka watse. Mahaifiyar wannan tsohuwa ta sami famfo ta rasa dangi, don haka tuna barar da take yi shaida ce a kan banarta, ko da kuwa barar ta sha wuya a cikinta.

Game da Raymond kuwa, Injiniya, ni ba a katako nake neman tsufan ba. Idan akwai tsohuwar zuma a wannan taro, to tana ga ilimin da ya sa tsohuwa ta hango kuskuren matuƙi kafin ya auku, da sanin yadda ake ɗaure igiya tsakanin jirage biyu, da yadda ake shigar da su matakala ba tare da an ɓata ruwa ko lokaci ba. Wannan ba a rubuce yake ba, tunda masu shi yawanci ba su yi karatu ba, kuma irin wannan taro yana cikin 'yan wuraren da mai koyo zai tsaya kusa da wanda ya gada ya gani da idonsa.

Injiniya:

Malam, na karɓi wannan a kan ilimin tuƙi. A kan jirgin kansa dai ina nan a inda nake.

Hajiya Mai Tarihi:

Allah ya ƙara wa Malam basira. Na yarda maganar ta hau kan tsohuwar da mahaifiyarta, amma zan ƙara da cewa ba zan faɗe ta a gabansu ba. A bakin mutane wannan karin magana tana ɗauke da ɗan zolaya, ana jefa ta ne ga wanda ake ganin ya cika ƙorafi, kuma ba a zolayar wanda aka raba da danginsa ba da son ransa ba. Akwai maganar da take daidai a ma'ana amma ladabi ya hana a furta ta a wani wuri.

A kan sauran mahalarta kuwa ban janye ba. Yayan ɗan'uwanmu bidiyo ya gani na fenti mai sheƙi da tagulla mai walƙiya, kuma masu waɗannan jirage a yau yawancinsu ba 'ya'yan ruwa ba ne, mutane ne da suka yi wasu sana'o'i suka tara abin hannu, suka sayi jirgi suka gyara. Wanda bai taɓa fasa ƙanƙara da asuba domin jirgi ya wuce ba, bai kuma taɓa kwashe tan 25 na kwal da shebur ba, ba shi da barar da zai tuna a wannan ruwa. Barar wasu ce yake kallo, kuma ina so Malam ya faɗa mana ko karin maganar tana hawa kan mai tuna barar da ba tasa ba.