Dogon hutu a bakin tafkin Jabi: ina za mu kai yara, ko mu haɗa namu taron?

Maman Tagwaye:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema. An yi dogon hutu, ga nawa huɗu ga 'ya'yan yayata uku da aka turo min daga Zariya, gidan ya cika maƙil, daga talabijin sai rigima a kan waya, wallahi abin yana damuna. Muna zaune a Jabi Daki Biyu a nan Abuja, tafkin nan ko keke napep ka hau minti kaɗan ne, amma jiya autata take tambayata wai Mama ruwan can na masu mol ne? Don ita ba ta taɓa ganinsa ba sai ta bayan Jabi Lake Mall idan mun je sayayya. Maganar ta tsaya min a rai. Mu da muka taso ana gaɗa da 'yar carafke a dandali, a ce namu ruwa yana ƙofar gida ba su san shi ba. To me ake yi a wurin lokacin hutun nan wanda ya dace da yara? Sannan ni da maƙwabtana mata muna tunanin mu haɗa kuɗi mu yi musu yinin wasa a bakin ruwan, akwai wanda ya taɓa gwadawa?

Ɗan Kado:
Wa alaikumus salam Hajiya. Wurin yana da rai sosai, musamman Asabar da sassafe, ta ɓangaren lambun shaƙatawa da ke bakin tafkin ba ta mol ba, nan ne jama'a suke cika ana motsa jiki, masu gudu, masu bin kiɗa a layi, masu ƙwallo. Da yamma kuma akwai hawan doki da yawo a kwalekwale, ga masu gasa masara da dafaffiyar gyaɗa tunda lokacinsu ne. Amma ki lura da sama, watan Agusta a Abuja ba a yi masa alkawari, sai ki ga rana tsaf da azahar kafin la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Mu da safe muke zuwa, ƙarfe tara zuwa sha biyu mun tattara. Idan kuma kuna son ku ci kifi ku biya kasuwar kifi ta Kado ku saya a gasa a gida a taho da shi a kula, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Anti Nas:
Yaya ni maganar ruwan ce ta sa na shigo, don a asibiti nake aiki. Tafkin nan ba kogi ba ne mai gangare a hankali, tare ruwa aka yi ya zama tafki, ga damina ya cika ya batse, bakin kuma laka ce mai santsi. Kar ki bari ko ɗaya ya shiga da sunan wanka ko wasa. Ban da nutsewa akwai tsargiya, ƙwayar cutar a jikin ƙananan katantanwa take rayuwa a ruwan da ba ya gudu sosai, ta fata take shiga, sai bayan makonni ki ga yaro yana fitsari da jini. Kwalekwale kuwa in babu rigar kariya kar a hau, ko mai jirgin ya rantse miki. Bara wani ya miƙo wa ɗana ɗan shekara shida rigar manya, na ɗaga ta ta kafaɗa sai ga ta ta zare ta kansa gaba ɗaya, a take na ce a sauke mana shi. Haka ake gwadawa, a ɗaure a ja sama, in ta wuce kunne ba tasa ba ce. Ba mu manta jirgin da ya kife a Patigi jihar Kwara a 2023 ba, 'yan biki ne, sama da mutum 100 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Kuma ku bar wurin kafin magariba saboda sauro.

Baffan Gwarimpa:
'Yata Allah Ya yi miki albarka da wannan tunani. Ku yi naku, shi ya fi. Mun taɓa yi a layinmu, ba a Jabi ba, a wani fili ne gefen rafin da ya ratsa bayan unguwarmu, kuma abin da na gani shi ne yara ba kayan tsada suke buƙata ba. Mun shimfiɗa tabarmi, muka haƙa gurbin dara a ƙasa, samari suka yi langa, 'yan mata suka yi gaɗa, malamin Islamiyya ya yi musu 'yar musabaƙa izu ɗaya, aka ba wanda ya ci jakar makaranta. Abin da ya fi taɓa ni wata tsohuwa ce da ta zo jinya wurin ɗanta, ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno ta ce ga ta nan ga ta nanku, yaran da ko amsawa ba su iya ba sai da aka koya musu a ce ta zo mu ji ta, amma kafin ta kai inda Gizo ya yaudari Ƙoƙi ko tari ba ka ji. Jikana har yau yana maimaita waƙar cikin tatsuniyar.

Sai dai ku sanar da masu kula da lambun tun da wuri, kar ku kwashi yara talatin ku je a tsayar da ku a ƙofa. Ku raba aiki, kowane babba da yara biyar a hannunsa ya san sunansu, a ƙirga lokacin zuwa a ƙirga lokacin tafiya. Ku gayyaci maƙwabtanku Gbagyi da sauran ƙabilu, su ma suna da wasanninsu, kuma su muka tarar a ƙasar nan. Shara kuma ku tafi da buhu ku kwashe abarku, ledar fiya wata da robar lemo duk cikin ruwan suke ƙarewa.

Ummu Hanan:
Ni gaskiya Jabi ranar Asabar da Lahadi da yamma ba na kai yarana, kiɗa ya yi yawa ga shigar da wasu suke yi, ba na son idonsu ya saba. Millennium Park da ke Maitama ta fi min kwanciyar hankali, fili ne shimfiɗe da ciyawa ga ƙorama ta ratsa ta ciki, Sarauniyar Ingila ce ta buɗe wurin a 2003, yaro zai yi ta gudu kina hango shi. In kuma dole sai Jabin to ku zaɓi tsakiyar mako.

Maman Tagwaye:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Anti Nas kwalekwale na cire shi a lissafi bana, su kalli ruwan daga tudu ya isa. Ummu Hanan kin yi gaskiya, Laraba da safe za mu sa, sai mazan da ke da hali su ɗauki uzuri a wurin aiki su raka mu. Baffa yanzu na kira maƙwabciyata, surukarta tana nan kuma ta ce ta iya tatsuniya, ni zan yi zoɓo da alkaki. Saura mai koya wa samarin langa, in akwai wanda yake kusa da Jabi ko Utako dan Allah ya yi min magana kafin Lahadi.