"Na kyauta ya isa": muhawarar bakof a zauren masu kula da saba

Ɗan Kwangila: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Wani dillali ya turo mini farashin lasisin manhajar bakof, wato mai ajiye kwafin bayanai don ranar asara, a dala, na shekara ɗaya kacal, kuɗin ya kusa sayen wata sabar. Ofishin nan fa ƙarami ne: saba ɗaya mai ESXi na kyauta, manhajar VMware da ke raba saba zuwa kwamfutocin cikin manhaja da ake kira VM, ɗauke da VM 7, sai saba biyu na ƙarfe, ɗaya Windows mai SQL Server na akantoci, ɗaya Linux mai fayiloli. Duka bayanan ba su wuce TB 2 ba. Ni dai na tsaya a kan cewa duk ƙaramin ofishin da ke biyan lasisin bakof kuɗinsa yake zubarwa. Na kyauta ya isa. Wanda bai yarda ba ya fito.

Baba Injiniya: Wa alaikumus salam. Ɗana, wannan "kyauta" da ka faɗa sau biyu, a nan gizo ke saƙar. Veeam Community Edition kyauta ne, kuma yana ɗaukar na'ura 10. Naka 7 da 2, tara ke nan, ka shiga. Amma ESXi na kyauta a kulle yake ta ƙofar da manhajar bakof ke bi ta ɗauki VM daga waje, wato VADP. Veeam ba zai ɗauko maka VM ɗin daga kan sabar ba. Sai dai ka sa ejen, wato ƙaramar manhajar Veeam, a cikin kowace VM, ka ɗauke ta kamar saba ta ƙarfe. Kyauta biyu ne suka haɗu suka ƙi jituwa.

Ɗan Linux: Baba, da girmanku, amma abin da aka ƙayyade maka 10 ba kyauta ba ne, ɗanɗano ne. Ranar da ofis ya kai na'ura 11 za a miƙo maka takardar kuɗi. Kyauta ta gaskiya ita ce Proxmox Backup Server, wato PBS: buɗaɗɗiyar manhaja, tun 2020 take, ba iyakar VM, ba lasisi.

Baba Injiniya: To wannan saƙon da ke fitowa duk lokacin da ka shiga, yana cewa ba ka da rajista, gaisuwa ce?

Ɗan Linux: Ka danna ya wuce, Baba. Bai rage komai a aikin ba. Wanda ke son ma'ajiyar sabuntawa ta kamfanoni da taimakonsu shi ke biya.

Hajiya Akanta: Ku yi haƙuri in sa baki. Duk kuna ta "kyauta, kyauta" kamar faifan da za a zuba bakof ɗin daga sama zai faɗo. TB 2 in kana son tarihin wata ɗaya, ka tanadi aƙalla ninki biyu zuwa uku na wurin. Ga na'urar da za ta ɗauki faifan, ga UPS, ga man janareta, tunda bakof da dare ake yi, lokacin da ofis ya kashe inji. Ga albashin wanda zai duba kowace safiya ko aikin jiya ya kammala. A littafina babu layin da ake rubuta "kyauta".

Ɗan Kwangila: Hajiya, ni lasisi nake magana.

Hajiya Akanta: Kai ka ce "ya isa", ƙanena. Isa ta fi lasisi faɗi.

Sabon Shiga: Ni ban ga abin wahala ba. Sinafshot yana cikin ESXi, kyauta ne, danna ɗaya. A ɗauka duk Juma'a, shi ke nan.

Baba Injiniya: Innalillahi. Yaro, goge wannan kafin wani ya karanta ya aikata. Sinafshot ba kwafi ba ne. Yana daskarar da asalin faifan VM ne, sabbin rubuce-rubuce su koma wani fayil na gefe, kuma duka biyun a kan ma'ajiya ɗaya suke zaune. Faifan ya mutu, sun tafi tare. Fayil ɗin gefen kuma kullum kumbura yake, har ya cika ma'ajiyar, VM duka su tsaya cak. Su kansu VMware cewa suka yi kada sinafshot ya wuce awa 72. Ranar da ka zo goge na wata shida, haɗewar za ta ɗauki sa'o'i, in kuma wuta ta ɗauke a tsakiya, sai addu'a.

Sabon Shiga: Amma ai akwai RAID, mai rubuta bayanai a faifai fiye da ɗaya.

Ɗan Linux: RAID ɗin zai kwafe maka gogewar a faifai biyu cikin daƙiƙa ɗaya. A nan kam ni da Baba bakinmu ɗaya.

Mai NAS: Kun bar hanya mafi sauƙi. Synology Active Backup for Business ba a biyan lasisinsa in kana da NAS ɗinsu, wato akwatin ajiyar fayiloli, mai tsarin faifai na Btrfs. Yana ɗaukar VMware, Hyper-V, Windows na ƙarfe da Linux, duka a shafi ɗaya. Kuma yana aiki da ESXi na kyauta, sai dai ka buɗe ƙofar SSH, ka kunna CBT, mai bibiyar abin da ya canza a faifai, da hannunka, in ba haka ba kullum sai ya karanta faifan gaba ɗaya.

Ɗan Linux: Kyautar da sai ka sayi akwatinsu tukuna? Wannan ai gyara ce, irin ta mai tumatir.

Mai NAS: Naka PBS ɗin a iska yake gudu? Shi ma ƙarfe yake so, kuma ba kowane ba. Yana yanka faifan VM gunduwa-gunduwa, MiB 4 kowace, TB 2 ya zama dubban ɗaruruwan ƙananan fayiloli. Ka ɗora wannan a kan faifai mai juyawa, ka ga yadda sharar tsofaffin gunduwoyi da tantancewa za su ci dare guda. Shi ya sa su da kansu SSD suke ba da shawara.

Ɗan Linux: Ko ka sa tsarin faifai na ZFS da ƙananan SSD biyu a matsayin na'ura ta musamman don bayanan fayiloli, sauran a faifai mai juyawa. An daɗe da warware wannan.

Baba Injiniya: Ka warware mana wannan tukuna: PBS ba ya ɗaukar VM daga ESXi. Sai mutumin nan ya kwashe VM 7 ya koma Proxmox VE, kishiyar ESXi. Sannan sabar akantoci Windows ce ta ƙarfe, manhajar PBS ta ɓangaren na'ura kuwa ta Linux ce. Wa zai ɗauki Windows ɗin?

Ɗan Linux: Komawar ba wuya. Tun sigar 8.2 a 2024 Proxmox ke da hanyar jawo VM kai tsaye daga ESXi. Ka sa direbobin VirtIO a Windows kafin ka canza nau'in faifai, don kada ta ƙi tashi. Kuma wa ke zama a VMware yanzu? Broadcom ta saye su a ƙarshen 2023, ta soke lasisin dindindin, ta janye ESXi na kyauta a farkon 2024, ta dawo da shi a 2025. Mai ba ka abu ya ƙwace ya sake ba ka, shi za ka gina gida a filinsa?

Baba Injiniya: Na tambaye ka Windows, ka kawo mini tarihin Broadcom.

Ɗan Linux: A mayar da ita VM mana. Ko a sa UrBackup, yana ɗaukar hoton faifan Windows, shi ma buɗaɗɗe ne.

Baba Injiniya: Manhaja biyu ke nan, shafi biyu, saƙon gargaɗi biyu, ga mutum ɗaya da ke kula da firinta da wayar intanet ɗin ofis. Kuma ko ya koma Proxmox ɗin, Veeam na ɗaukarsa tun 12.2. Ba ku tsere mana ba.

Mai NAS: Ni na ji an ce yawancin masu Proxmox ɗin ma daga baya dawowa suke.

Ɗan Linux: Wa ya ce? Kawo shaida.

Mai NAS: Ana faɗa dai.

Hajiya Akanta: Tunda sabar akantocin aka taɓo, bari in faɗi abin da ya dame ni, don babu wanda ya kula. Kwafe fayil ɗin SQL Server yana buɗe ba bakof ba ne, zai iya ƙin buɗuwa ranar da ake nema. Dole manhajar ta yi magana da VSS na Windows, ya tsayar da rubutu na ɗan lokaci a ɗauki hoto mai tsafta. Na biyu, in rumbun bayanan yana kan tsarin Full, fayil ɗin log, mai rubuta kowane canji, ba ya raguwa sai ana yi masa nasa bakof ɗin. A bar shi, ya cinye faifan, manhajar albashi ta tsaya ranar 28 ga wata. Ko a riƙa ɗaukar log ɗin, ko a mayar da rumbun Simple a yarda cewa aikin yini ɗaya zai iya salwanta. Wannan shawarar ta mai ofis ce, ba ta injiniya ba.

Baba Injiniya: Allah ya yi miki albarka, Hajiya. In ƙara: saba ta ƙarfe sai an haɗa mata filashin farfaɗowa tun tana da lafiya, da direban katin RAID ɗinta a ciki. In babu shi, za ka tayar da na'urar ka ga bakof ɗinka lafiya lau, amma ba ta ganin faifan da za a zuba shi.

Sabon Shiga: To a tura komai gajimare mana a huta.

Mai NAS: Yi lissafi. TB 2 a layin da ke tura Mbps 10, kwana 18 da rabi ne, in wuta da intanet ba su yanke ba ko sau ɗaya. Canjin yini in ya kai GB 40, kusan awa 9. Ranar dawo da shi kuma ofis zai zauna jira. A cikin gida, a waya mai gigabit ɗaya, TB 2 ɗin nan kamar awa 5 ne. Kwafi na farko a gida, gajimare na muhimman abubuwa kawai.

Baba Injiniya: A gida, amma ba a cikin domen ba, wato tsarin shiga na bai ɗaya na kwamfutocin ofis. Masu garkuwa da bayanai bakof suke fara nema. NAS ɗin da ke buɗe da kalmar sirrin admin ɗin ofis, tare za a kulle shi da sauran. A Veeam, ka tanadi ƙaramar saba ta Linux mai tsarin faifai na XFS, ka sa kwafin ya zama ba ya goguwa na kwana 14, ko admin bai isa ya taɓa ba. Sannan faifan USB biyu ana musanyawa duk mako, ɗaya ya kwana a wani gini. Kwafi 3, ma'ajiya iri 2, ɗaya a waje.

Mai NAS: Wato NAS ɗina ne mai laifi? Sabar Veeam nawa ke zaune a cikin domen?

Baba Injiniya: Laifin mai ɗorawa ne.

Mai NAS: To nawa ma haka.

Ɗan Kwangila: Jama'a, har yanzu ba wanda ya ce mini in biya ko kar in biya.

Hajiya Akanta: Ka taɓa dawo da VM ɗaya daga abin da kake da shi yanzu, ka tayar da ita a keɓe, ka shiga manhajar akantocin ka ga lissafin jiya? Yi wannan da kowacce cikin ukun, Veeam, PBS da Synology, ka riƙe agogo. Sai ka kai wa mai ofis adadin sa'o'in.

Shugaban Zaure: To, dare ya yi, bari in taƙaita. An fahimci cewa Ɗan Kwangila yana da gaskiya, na kyauta ya isa, matuƙar buɗaɗɗe ne. Veeam yana da iyakar 10 kuma bai jitu da ESXi ɗinsa ba. Synology sai ka sayi akwatinsu. Don haka mafita ita ce a koma Proxmox VE da PBS, kamar yadda mafi yawanmu suka nuna. Sinafshot ba bakof ba ne, kowa ya yarda. Mun gode wa Hajiya da bayanin man janareta. An rufe.

Baba Injiniya: Wane mafi yawa, Shugaba? Mutum ɗaya ne, sai kai na biyu. Kuma sabar Windows ɗin fa, ka bar ta a ina?

Hajiya Akanta: Duk bayanin log ɗin da na yi, man janareta kawai ka gani?

Mai NAS: Ɗan Kwangila, duba ko NAS ɗin ofishinku na da Btrfs, ka turo mini lambar samfurin ta gefe.