Neman kalma: yaya za a ce "citation" a shirin rediyo?

Hadiza Kimiyya: Assalamu alaikum malamai. Gobe da ƙarfe huɗu zan shiga situdiyo. Shirin kan Edward Witten ne, masanin fiziks na Princeton a Amurka, wanda ya karɓi lambar Fields ta lissafi a 1990. A 2005 wani masanin fiziks, Jorge Hirsch, ya fito da ma'aunin h-index, ya ce na Witten 110 ne, babu wanda ya kai shi cikin masana fiziks a lokacin. Wato yana da maƙalu 110 da kowace ta samu citation aƙalla 110 (citation shi ne wani masani ya kawo sunan maƙalarka a nasa rubutun). To kalmar nan ce ta tsaya mini. Rubutun na gabana, gurbi bakwai na bari.

Abu Zariya: Wa alaikumus salam. Ambato. "An ambaci maƙalarsa sau kaza." Shi kuma h-index a ce ma'aunin ambato.

Sani Funtuwa: Madogara fa?

Abu Zariya: Wannan ai jerin ƙarshen kundin digiri ne, Malam Sani. Ita Hadiza masu dogaron take ƙirgawa.

Baba Malami: Ambato ya yi sauƙi da yawa, ko mai kokon bara yana ambaton sunanka. Ni "sawu" nake koya wa ɗalibaina tun tuni. Malami ya wuce, na baya suka bi sawunsa. A ce ma'aunin sawu.

Abu Zariya: Ranka ya daɗe, kalmar ta yi daɗi, amma wanda ya kawo sunanka don ya ƙaryata ka, shi ma ana ƙirga shi. Wannan bai bi sawunka ba.

Baba Malami: Mai farauta ma sawu yake bi, ba don ƙauna ba. Kuma ku daina cika mana kunne da maƙala da tasiri, duk Larabci. Hausa ta ƙare ne?

Sani Funtuwa: Baba, in haka ne ilimi da lissafi ma sai mu mayar wa masu su.

Ɗan Maraɗi: Abin da ke ci mini rai, ku zauna Kano da Zariya ku yanke kalma, mu a Nijar sai dai mu ji ta a rediyo. Hausar ta ku kaɗai ce?

Hadiza Kimiyya: Yaya, wallahi ba a ware ku ba, kawo taka. Amma maganar Baba ta tuna mini Peter Higgs, masanin fiziks na Birtaniya. Maƙalunsa ba su da yawa, aikinsa na 1964 ne ya kai shi ga Nobel a 2013. Ashe ƙidaya daban, sawun da mutum ya bari daban. Zan sa ambato a wurin ƙidaya, sawu a wurin tasiri. Kun yarda?

Ɗan Maraɗi: Ambato ya shige, mu ma muna faɗin sa.

Baba Malami: Sa abinki, 'yata, tunda lokaci ya ƙure miki. Ni dai a ajina ma'aunin sawu ne. Shi kuma "fiziks" ɗin nan da kika rubuta, ba mu gama da shi ba.