Prius 2012 tana girgiza da safe, na'ura ta nuna P0401

Mai Prius, Garwa:
Assalamu alaikum. Ina da Prius 2012, inji 1.8, ta haura kilomita 240,000. In aka tashe ta da asuba injin yana kakkarwa na ɗan lokaci, sannan ya daidaita. Na'urar gwajin mota ta nuna lambobin matsala P0401 (hayaƙin da hanyar EGR ke mayarwa cikin inji bai isa ba) da P0301 (silinda ta ɗaya na fashin kama wuta). An canza buji (filogi), an wanke bawul ɗin EGR, fitilar gargaɗin inji ta sake kamawa. Wani ya ce a toshe EGR ɗin a huta. Masana, ina mafita?

Bakanike, Marwa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka yarda a toshe. Aikin EGR shi ne ya ɗebi kaɗan daga hayaƙin salansa, ya sanyaya shi, ya mayar cikin inji don zafin ƙonewar mai ya ragu. Da wannan lissafin aka tsara injin 2ZR-FXE, na Prius 2010 zuwa 2015 da Auris Hybrid da Lexus CT200h. In ka toshe, zafi ya ƙaru, ga kuma ranar Garwa a watan Afrilu.

Wanke bawul kaɗai ba ya warkarwa. Hanyar hayaƙin gaɓa huɗu ce: kula mai sanyaya shi, bawul, ɗan bututun ƙarfe, sai manifol ɗin shan iska, mai raba iska ga silindoji. Kular ce ke fara cikewa da baƙin gawayi, don ramukanta sirara ne ƙwarai. Cikin manifol kuma akwai ƙananan ƙofofi huɗu, kowace silinda da tata, kuma ba tare suke toshewa ba. Sai wata silinda ta rasa hayaƙi, wata ta sha fiye da ƙima. Shi ya sa in aka buɗe kula aka bar manifol, girgizar na iya ƙaruwa.

A fara da inji mai sanyi. Kashe motar, ka nisanta makulli, ka cire wayar nagatif ta batirin 12V da ke but ta hannun dama. Wayoyi masu ruwan lemo na babban batir ne, sama da volt 200, ba ruwanka da su. Cire waifa da farantin da ke ƙarƙashinsu, in ba haka ba hannu ba ya kai wa. Zuƙe kamar lita 2 na ruwan inji ko ka matse tiyoyin kula. Sifana 10 da 12 ke kwance kusan komai, sai soket E8 na ƙusoshin da ke dashe. Notin ƙasan kula shi ne mai cin rai, a bi shi da haƙuri.

Kular bakin ƙarfe ce marar tsatsa: toshe baki ɗaya, cika ta da ruwan zafi da maganin narka maiƙo, ta kwana, a buga mata ruwan injin wankin mota. A maimaita har ka hango hasken tocila ta ɗaya bakin. Bawul kuwa buroshi da feshin wanke kafireto, kada ruwa ya shiga wajen motarsa ta lantarki, kada soda ta taɓa shi, tana cin alminiyom. Manifol roba ce, a cire sensa kafin wanki, a bi ƙofofin nan huɗu da siririn buroshi, ta bushe sarai. Wajen ɗaurewa, manifol 28 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti), totur, wato ƙofar iska da ke bakin manifol, 10 Nm, da sababbin gasket.

Mai gyaran hybrid, Njamena:
Maigida ya gama magana kan wanki. Amma P0301 ɗin nan ce ta fi damuna. Alhaji, kafin ka sayi komai, sa alama a kan robar ruwan inji da safe, ka duba bayan mako. In ruwa na raguwa ba tare da yoyo a ƙasa ba, joint de culasse, wato gasket ɗin kan inji, ya fara tafiya: ruwa na ɗiga cikin silinda da dare, da safe buji ya kasa kamawa. A cire buji na ɗaya da sassafe a leƙa da kyamara. Fiston da ya yi fes alhali sauran baƙaƙe ne, ruwa ne ya wanke shi. In haka ne, wankin EGR ba zai mayar da shi ba, kuma ci gaba da hawa na iya lanƙwasa sandar fiston.

Mai Prius, Garwa:
Na gode, Allah ya ƙara basira. Zan sa alamar gobe. Wane ruwa za a mayar?

Bakanike, Marwa:
Na Toyota mai ruwan hoda, Super Long Life, wanda ya zo a haɗe. Ban da ruwan rijiya ko na famfo. Kuma kada a rikita da robar ruwan inbata, mai sarrafa wutar babban batir, hanyarsu daban. Bayan an cika, a sa motar a yanayin gyara don injin ya yi ta aiki har fanka ta tashi, iska ta fita, a ƙara ruwa in ya huce. Tun da manifol na waje, canza bawul ɗin PCV da ke bayanta, ta nan tururin baƙin mai ke shiga ya dame da gawayin. Motar da ke shan ƙurar hunturu, ni dai ba zan bari ta wuce kilomita 80,000 ba a sake wanke hanyar EGR ɗinta ba.