Fistin da silinda a kwali ɗaya, na kasa gane wanne ne na injina (Porsche 911 SC)

MaiTsohuwarMota:
Salam 'yan'uwa, dan Allah masu ilimin injin Porsche mai sanyaya kansa da iska ku taimaka min. Na sayi injin 911 SC na 1982 a wargaje, wanda ya sayar min ya haɗo ni da kwali guda cike da kaya, silinda tara fistin goma sha biyu, wai a ciki akwai na injin akwai kuma ragowar wani aiki da ya taɓa yi, shi kansa bai san wanne ne wanne ba. Na wanke su tas da kalanzir, wasu akwai tambarin kamfanin Mahle wasu kuma na KS, wasu cikinsu na sheƙi wasu kuma toka-toka kamar an shafa musu ƙasa. Bakaniken da ke taya ni cewa ya yi mu zaɓi shida masu kyau mu ɗaura kawai tunda duk suna shiga, ni kuma wlh hankalina bai kwanta ba. Ta ina zan fara?

BakanikenIska:
Wa alaikumussalam Malam. Kar ka yarda da maganar "tunda suna shiga", haka ake kashe inji a sati ɗaya. Fara da awo, ka samu ma'auni ka auna faɗin ramin kowace silinda, 80 milimita na injin lita 2.0 ne, 84 na 2.2 ko 2.4, 90 na 2.7, 95 kuma shi ne naka na 3.0 amma fa na 911 Carrera mai lita 3.2 ma 95 ne, toh ka ga awon rami kaɗai ba zai raba maka gardama ba.

Sai ka nemo maganaɗisu ɗan ƙarami, ka manna shi a bangon ciki na silindar. In ya ɗan kama kaɗan, ba da ƙarfi ba, wannan Nikasil ce ta Mahle, saboda rufin da aka yi wa cikin akwai nikel. In ya zame ya faɗi kamar ka ɗora shi a kan cokalin alminiyon toh Alusil ce ta Kolbenschmidt, su ne KS ɗin nan, kuma su ne masu launin tokar da ka gani. A fistin kuma akasin haka ne, na Alusil an yi wa jikinsa rufin ƙarfe siriri dan haka maganaɗisu zai kama shi, na Nikasil kuma ba zai kama ba. In ka kuskura ka sa fistin marar rufi a cikin Alusil, alminiyon ne zai dinga gogar alminiyon, da ya ɗau zafi sai ya kankare bangon ya cije.

MaiTsohuwarMota:
Allah ya saka da alheri Oga, na gwada daren jiya. Duka taran 95 ne. Shida maganaɗisu ya kama, uku bai kama ba. Fistin kuma tara bai kama su ba, uku ya kama, kenan ukun nan da silinda ukun can 'yan gida ɗaya ne na ware su gefe. Saura fistin tara a kan silinda shida, kuma in na jera su a tebur sai in ga kamar wasu ramin fin ɗinsu (ƙusar da ke haɗa fistin da sandar da ke tura kiranshaf) ya fi matsawa sama.

Carrera_84:
Idonka bai yaudare ka ba ɗan'uwa. Auna ramin fin ɗin, na SC 22 milimita ne, na 3.2 kuma 23. Dalili shi ne kiranshaf na 3.2 tafiyarsa ta fi tsawo, 74.4 a maimakon 70.4 na SC, shi ya sa aka canza mazaunin fin. Ina kyautata zaton ragowar ukun nan na 3.2 ne. Ka kuma duba bakin silindar ta sama inda take haɗuwa da kan inji, ta SC akwai wani ɗan kwari zagaye da ake kwantar da zoben gasket a ciki, ta 3.2 ba ta da shi.

Wani abu kuma da mutane ke mantawa, SC ɗin ma ba iri ɗaya ba ne. Na 1982 da aka kai Amurka matsinsa (yadda fistin ke matse iska da mai a cikin silinda) 9.3 ne, na Turai 9.8, toh tudun kan fistin ya bambanta, kar ka haɗa uku na nan uku na can inji ya dinga rawa kana neman laifin wuta. Ka kifa su a kan gilashi biyu-biyu ka kwatanta, in da hali ka ɗora su a sikeli ma.

DattijonGareji:
Yara sun faɗi gaskiya, ni abu ɗaya zan ƙara dan ya taɓa cin min kwana uku. A gindin kowace silinda akwai lamba a cikin ɗan zane mai kusurwa uku, 5 ko 6, wannan rukunin tsayi ne. Silinda ukun da ke gefe ɗaya dole lambarsu ta zama ɗaya, domin gidan kamshaf guda ne ke zaune a kan kawunan ukun, in ɗaya ta fi 'yan'uwanta tsayi ko da gashin kai ne, kana ɗaure notuna za ka ji kam ɗin ya ƙi juyawa da hannu. Ni sai da na kwance komai na sake sannan na gano. Akwai kuma lambar rukunin faɗi daga 0 zuwa 3 a silinda da kan fistin, ta fistin ta dace da ta silindarsa.

Kafin ka rufe inji ka kwantar da wayar dalma a kan fistin ka juya da hannu ka auna ta, ka san tazarar da ke tsakaninsa da kan inji.

MaiTsohuwarMota:
Baba na gode ƙwarai. Uku sun fito 23 kamar yadda aka ce, shida 22 kuma tudunsu iri ɗaya. Silinda shidan duka da kwarin gasket, sai dai huɗu lamba 6 ce biyu 5, kenan gefe ɗaya zai haɗu, ɗayan kuma biyu 5 ɗaya 6. In nemo 5 guda ɗaya ne ko a kai su wajen masu injin gyaran ƙarfe a daidaita tsayin ukun?