Dokumentari: me za mu kira shi da Hausa?

Jama'a, akwai kalmar da har yau ba mu yi mata matsuguni ba: dokumentari, wato fim ɗin da ke nuna mutane da abubuwan da suka faru ba tare da wasan kwaikwayo ba. Kafafen labarai kan ce "shiri na musamman", amma hirar barka da sallah da gwamna ma shiri na musamman ne. Wasu 'yan'uwa sun kawo nasu kalmomin, ni ma ina da tawa. Bari in ajiye fim ɗaya a gabanmu mu gwada kalmomin a kansa.

A 2010 Sam Dunn da Scot McFadyen suka fitar da Rush: Beyond the Lighted Stage, kan ƙungiyar makaɗan rok mai suna Rush, wadda aka kafa a birnin Toronto na Kanada a 1968. A lokacin fim ɗin su uku ne kacal: Geddy Lee mai waƙa, Alex Lifeson mai jita, sai Neil Peart mai ganguna, wanda ya shigo a 1974 bayan John Rutsey ya fita. Daga nan ba su ƙara sauya kowa ba har tsawon shekara 40.

Babu ɗan wasa ko ɗaya da ya fito a matsayin wani a fim ɗin. Mahaifiyar Geddy, wadda ta tsira daga sansanonin 'yan Nazi, ita ce ta zauna gaban kyamara da kanta. Akwai tsohon ɗauka na Alex yana saurayi, zaune a teburi da iyayensa, yana ta musu da su cewa shi bai ga amfanin ƙarasa sakandare ba, kiɗa zai yi. Ba wanda ya rubuta masa wannan, a lokacin aka ɗauka, shi kansa bai san inda rayuwa za ta kai shi ba. Akwai Donna Halper, ma'aikaciyar rediyo a Cleveland da ta fara sa waƙarsu a 1974 har Amurka ta san da su. Sannan wurin da ya fi taɓa ni: 'yar Peart ta rasu a haɗarin mota a 1997, matarsa ta bi ta a 1998, ya ajiye sandunan kiɗa ya hau babur ya yi ta tafiya. Abokansa biyu suna ba da labarin, kana ganin nauyin abin a fuskarsu.

To, me za mu kira wannan?

Wani ɗan'uwa ya ce "fim ɗin tarihi". Malam, na gode, sai dai Kannywood ta riga mu. Idan aka ce fim ɗin tarihi, rawani da dawakai da 'yan wasa ne ke zuwa ran mai kallo. Bohemian Rhapsody na 2018, inda Rami Malek ya fito a matsayin mawaƙi Freddie Mercury, shi ne fim ɗin tarihi. Na Rush kuwa jinsinsa daban.

Wata Hajiya ta kawo "shirin gaskiya". Ya fi kusa, amma ina tsoronsa. Mai tace fim, wato edita, yana ɗaukar awa ɗari ya bar biyu, shi yake zaɓar wanda zai yi magana da inda za a yanke shi. Idan muka liƙa wa abin sunan gaskiya, mun ba darakta shaidar da bai nema ba.

Ni nawa shi ne fim ɗin ganau. Mun daɗe muna cewa ganau ba jiyau ba, kuma aikin ke nan: a nemo waɗanda aka yi abin a gabansu, a haɗa da hotuna da muryoyin da aka ɗauka a lokacin. Ganau yana iya mantuwa, yana iya kare kansa, kalmar ba ta yi alkawarin cewa waliyyi ne ba. Kuma tana zama a baki: "Ya kamata a yi wa Mamman Shata fim ɗin ganau tun sauran 'yan amshinsa na raye." "Ni darakta ce ta finafinan ganau."

Inda take da rauni shi ne abin da ya shige ɗaruruwan shekaru, kamar ginin ganuwar Kano, da babu ganau ko ɗaya. A nan ina ganin mu ce fim ɗin bincike. Na dabbobin daji kuwa bai dame ni ba, kyamarar ce ganau.

Masu aiki a rediyo da talabijin, ku ne za ku furta ta kullum. Ku karanta ta da ƙarfi cikin jimlar labarai, ku gaya mana ko harshe yana tuntuɓe.